Ƙaurar Kifin Teku: Daga Ƙaramin Akwati Zuwa Babba



Yau zancen kifi za mu yi, amma kada uwargida ta ɗora tukunya, wannan kifin ba na miya ba ne. Kifin ado ne, a cikin na adon ma na ruwan gishiri, irin wanda asalinsa teku, ake zuba shi a akwatin gilashi a ajiye a falo ana kallo. Na san wani yana can yana cewa, mu da teku ina muka haɗu, tsakanin Kano da Legas kaɗai tafiyar kusan kilomita 1,000 ce? Gaskiya ne. Amma Bahaushe ina ne bai je ba? Muna da 'yan'uwa a Legas da Kwatano da Akara, muna da su a Fot Sudan da Jidda, a bakin Bahar Maliya, tekun da masu nutso ke zuwa daga ƙasashe daban-daban don kallon murjaninsa da kifayensa masu launi. A nan tudu ma ɗaiɗaikun matasa sun fara gwadawa, wasu a gidajensu, wasu kuma an damƙa musu kula da na otal ko na ofis.

Abin da ya jawo maganar, wani ƙanena ne na zaman unguwa ya tare ni bayan sallar Magariba, ya ce, "Yaya, akwatina ya yi mini kaɗan." Wata takwas ke nan yana riƙe da ɗan akwati mai cin lita 60. A ciki akwai kifi biyu, irin masu ruwan lemo da fararen zane waɗanda fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya sa yara ke kira kifin Nemo, da jatan lande ɗaya, da 'yan dodon koɗi masu share gansakuka. Ya samu wani na hannu mai cin lita 300, mai shi zai bar gari. Ya ce, "Ranar Asabar zan kwashe su in juye." Na ce masa, "Ƙanena, zauna tukuna."

Da farko dai na yaba masa, don hanyar da ya kama daidai ce. Mutane da yawa suna zaton ƙaramin akwati ya fi wa sabon shiga sauƙi, alhali shi ne mai wuyar sha'ani. Ɗebi ruwa a kofin silba ka ajiye a tsakar gida a watan Afrilu, kafin ka gama alwala ya yi ɗumi. Randar da ke gefe kuwa ko a jikinta. Haka ma gishirin da zai ɓata miyar mutum biyu, in ya faɗa tukunyar biki babu mai jin sa. Kifin teku ya taso ne a ruwan da zafinsa da gishirinsa ba sa sauyawa farat ɗaya, shi ya sa ba ya jure sauyin gaggawa. A lita 60, in yaro ya ƙara ɗan abinci, ko dodon koɗi ɗaya ya mutu a bayan dutse ba ka gani ba, kafin gari ya waye ruwan ya gurɓace. A lita 300 wannan dattin zai bazu ne a ruwan da ya ninka wancan sau biyar, ka samu lokacin ganewa da gyarawa. Wannan ita ce ribar babban akwati, kuma ba ƙarama ba ce.

Sai na tambaye shi, a ina za ka ɗora shi? Ya ce a kan teburin da wancan yake. Nan na ce masa ya ɗauko biro. In kana son sanin abin da akwati ke ci, auna tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa da santimita, ka ninka su, ka raba da 1,000. Nasa 120 ne da 50 da 50, lita 300 ke nan cif. Kowace lita ta ruwan gishiri ta ɗan haura kilo ɗaya. Ƙara nauyin gilashin, wanda shi kaɗai ya wuce kilo 50, ƙara duwatsu da yashi da mazauninsa, sai ka ga an haura kilo 400. Buhun siminti takwas ke nan da ɗoriya, za su zauna wuri ɗaya dare da rana, shekara da shekaru. Wane teburin falo ne zai ɗauki wannan? Mazauni ake ƙera masa na musamman, in na ƙarfe ne a shafe shi da fenti sosai, don gishiri da ƙarfe ba sa ga maciji. Kuma dole ya zauna daidai, babu karkata. Hanya mai sauƙi ta ganewa, zuba ruwa kaɗan, ka auna tsayin ruwan a kusurwoyi huɗu. In wani ɓangare ya fi wani, gyara kafin ka cika, don akwatin da ya karkata yana matse gilashinsa ne a gefe ɗaya har ranar da gam ɗin zai saki. Wanda ke zaune a bene kuwa, ya jingina shi kusa da bango mai ɗauke da gini, ya kuma nemi shawarar wanda ya san gini.

Kada a raina ƙarfin ruwa. A ranar 16 ga Disamba, 2022, wani ƙaton akwatin kifin teku da ke tsakiyar wani otal a birnin Balin na Jamus, mai suna AquaDom, ya fashe da asuba. Ruwa kusan lita miliyan ɗaya ya kwararo har titi, kifi kusan 1,500 ne a ciki, mafi yawansu suka mutu. Naka bai kai nan ba, amma lita 300 a kan kafet da wayoyin wuta sun isa su haɗa ka da mai gidan haya. Saboda haka akwatin hannu, kafin ya shiga ɗaki, a cika shi da ruwan famfo a tsakar gida kan wuri mai daidai, a shimfiɗa jarida a ƙarƙashi, a bar shi kwana biyu. In jarida ta jiƙe, ka ga amsa. A kuma tambayi mai shi ko ya taɓa zuba maganin kifi mai jan ƙarfe a ciki, don jan ƙarfe ko kaɗan ne yana kashe jatan lande da dodon koɗi da murjani. Saboda wannan dalilin ne ma ba a sa kan famfo ko mahaɗin bututu na tagulla a inda ruwan zai bi.

Wurin ajiyewa kuma, ban da bakin taga inda rana ke duka, ban da kusa da kicin. Ga wata da littattafan Turawa ba su cika damuwa da ita ba, mu kuwa ita ce tamu: maganin sauro. Wanda ake fesawa da wanda ake kunnawa, yawancinsu guba ne mai ƙarfi ga kifi da jatan lande. Ɗakin da akwati yake ba a feshe shi. Turaren wuta ma a yi nesa da shi, kuma wanda ya shafa mai ko turare a hannu kada ya tsoma hannun a ruwa.

Mu zo kan ruwan kansa, don a nan ne aljihu ke fara kuka. Ruwan teku, a kowane kilo ɗaya akwai gishiri kimanin giram 35. Amma ba gishirin miya ba ne zalla, akwai maganiziyam da kalsiyam da fotasiyam da wasu sinadarai da halittun teku ke gina jikinsu da su. Wanda ya zuba gishirin kasuwa a ruwa ya saka kifin teku, ya kashe shi da hannunsa. Akwai gishirin da ake haɗawa musamman don wannan aiki, irin su Instant Ocean da Red Sea, daga waje ake shigo da su. Cika lita 300 zai ci kusan kilo 11. Sannan in kana canza kashi ɗaya cikin goma na ruwan duk mako, kamar yadda ya kamata, lita 30 ke nan, gishiri ya ɗan haura kilo ɗaya. Lissafa shekara, za ka ga ya wuce kilo 50. Ƙanena da ya ji haka sai ya sosa ƙeya, don a ƙaramin akwatinsa leda ɗaya takan kai shi watanni. Kuɗin sayen akwati sau ɗaya ne, na gishiri kuwa ba ya yankewa.

Ruwan da za a narka gishirin a ciki shi ma ba kowanne ba. Na famfo yana iya zuwa da kulorin, na rijiya da na burtsatse suna iya ɗauke da abubuwan da ba za su cuce ka ba in ka sha, amma za su ciyar da gansakuka har ta rufe maka gilashi. Ruwan da aka tace da injin da ake kira RO ake nema, ko dai ka sayi ƙaramin injin, ko ka nemi masu sana'ar ruwan sha da ke da shi su sayar maka da jarka. Akwai ɗan ma'auni mai kama da biro da ake tsomawa a ruwa ya nuna yawan abin da ya narke a ciki. Ana son ya nuna sifiri ko kusa da haka. Wajen haɗawa, ruwa ake fara zubawa a roba mai tsabta, sannan a riƙa barbaɗa gishiri a hankali, a sa ƙaramin famfo yana juya shi ya kwana. Kashegari a auna. Na'urar awon gishiri, wadda ake ɗiga mata ruwa a leƙa ta kamar tabarau, ta nuna 1.025, ko kuma daidai da abin da tsohon akwatinka ke nunawa.

Ga kuma kuskuren da ya ci kifin mutane da yawa. Kullum ruwan akwati yana raguwa, musamman da hunturu in iska ta bushe, ko in fanka na kaɗawa. Ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan bai je ko'ina ba. Don haka cikon da za ka yi na ruwa ne zalla mai daɗi, tatacce, babu gishiri. Wanda ya riƙa cikawa da ruwan gishiri, kullum ƙara yawan gishirin yake yi bai sani ba. Sa alama da tef a jikin gilashi, kowace safiya ka cika zuwa alamar.



 Yanzu muka iso inda gizo ke saƙa.

Na tambayi ƙanena, me za ka kwashe ranar Asabar ɗin? Ya ce kifi mana. Na ce, kifin ai su ne masu sauƙi, da 'yar raga za ka kamo su. Abin da ke riƙe da ransu, ido ba ya ganinsa. Kifi yana fitar da amoniya ta mashaƙarsa da kashinsa, ragowar abinci in ya ruɓe shi ma amoniya yake zama, ita kuwa guba ce mai ƙona wa kifi wurin numfashi. A teku ruwa ya yi yawa, ba ta taruwa. A akwati kuwa babu inda za ta je. Abin da ke ceton kifin wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani: wani rukuni ya ci amoniya ya mai da ita naitirait, wani rukuni ya ci naitirait ya mai da shi naitiret, shi kuma wannan na ƙarshe cutarwarsa kaɗan ce, canjin ruwa na mako-mako ke rage shi. Waɗannan ƙwayoyi ba a cikin ruwa suke yawo ba. Manne suke a jikin duwatsu da cikin ramukansu, da yashi, da soson matata. Kuma ba sa yawaita da wuri. Sabon akwati yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su isa aiki. Wata takwas ɗin da ƙanena ya yi, dukiyar da ya tara ita ce waɗannan duwatsun da suka yi dabbare-dabbare da shunayya, waɗanda yake tunanin ya wanke da buroshi ya shanya a rana don su yi kyau a sabon gida. Da ya yi haka, da ya kashe ma'aikatan ya bar kifi da gubarsu.

Hanyar ƙaura biyu ce. Wadda na fi so, in akwai fili a ɗaki, a kafa sabon akwati a wani wuri daban, tsohon yana nan yana aikinsa. A cika sabon da ruwan gishiri, a kunna famfunansa, a jera sababbin duwatsun da aka ƙaro, a ɗauko dutse ɗaya ko biyu daga tsohon a sa musu a matsayin iri, kamar yadda mai nono ke zuba ɗan tsohon kindirmo a sabuwar madara. A riƙa jefa ɗan abincin kifi kaɗan don ƙwayoyin su samu abin ci. Sai awo. Akwai 'yan kwalabe na gwajin ruwa, a ɗiga a gani da launi. Za ka ga amoniya ta hau ta sauka, naitirait ya hau ya sauka. Ranar da duka biyun suka nuna sifiri, suka kuma zauna a sifirin kwanaki a jere, ranar ce gida ya yi. Kalanda ba ta yanke wannan hukunci, kwalba ce ke yankewa.

Hanya ta biyu ita ce ta wanda dole sabon akwati ya zauna a gurbin tsohon, komai a yini ɗaya. Ita ma tana yiwuwa, da sharaɗin duk tsofaffin duwatsu da soson matata za su koma sabon gida a jiƙe, kuma ba za a ƙara ko kifi ɗaya ba. Dalili a fili yake: ƙwayoyin da ke jikin duwatsun nan daidai kifi biyu suka yawaita, to kifi biyun za su ci gaba da yi wa aiki ko da ruwan ya ninka.

Ranar ƙaura a fara da sassafe, kuma a samu mataimaki. Ruwan sabon akwati an haɗa shi tun jiya ko shekaranjiya, zafinsa da gishirinsa sun zo ɗaya da na tsohon. Bokitai su zama sababbi, ko waɗanda sabulu da omo ba su taɓa shiga ba. Kada a ciyar da kifi ranar. A cire duk filogi kafin hannu ya shiga ruwa. A fara zuƙo ruwan sama mai garau da siririn tiyo, tun ba a taɓa komai ba, a zuba a bokitai. A ɗauko duwatsu ɗaya bayan ɗaya a nutsa su cikin wannan ruwa, kada su daɗe a iska. A sa safar hannu, don akwai tsutsotsi masu ƙaya da ke ɓuya a ramukan dutse, kuma wasu nau'in murjani masu laushi suna da dafi mai haɗari ƙwarai ga mutum. Saboda wannan dafin, ko da wasa kada wani ya ce zai tafasa dutsen teku a tukunya don ya tsabtace shi, tururin kaɗai ya sha kai mutanen gida ɗaya asibiti a ƙasashen da wannan kiwo ya yawaita. In duwatsu sun fita, ruwa ya yi ƙasa, kifi ba su da maɓuya, sai a kama su cikin sauƙi, a sa su a bokiti mai murfi, don kifin da ya tsorata tsalle yake yi.

Saura yashi, kuma a nan ni kaina na sha kashi. Lokacin da na yi tawa ƙaurar, ganin kuɗin sabon yashi ya sa na ce ai tsohon ma ya isa. Na sa kofi na kwaso. Saman fari tas, amma da kofin ya nutsa sai ga ƙasan baƙi ƙirin, wani wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai ya bugi hancina, har uwargida ta leƙo daga kicin tana tambayar me ya mutu. Da taurin kai na juye shi a sabon akwati. Ruwan ya yi fari kamar kunun kanwa. Kafin la'asar jatan landena ya kwanta a gefe yana motsa ƙafa a hankali, da safe na tsame shi. Abin da ya faru, ƙasan yashin da ya daɗe babu iska, datti ya taru a ciki, wata iskar guba mai warin ƙwai ta taru. Muddin ba a taɓa shi ba lafiya lau, da an birkita shi sai ya saki komai lokaci ɗaya. Sabon yashi za ka saya, ka wanke shi har ruwan ya fito garau, daga tsohon kuwa ka ɗebi kofi ɗaya daga sama-sama kawai don iri.

Wajen jerawa, dutse ake fara ajiyewa a kan gilashin ƙasa, sannan a zuba yashi ya kewaye shi. In ka ɗora dutse a kan yashi, wata rana wani abu zai yi tono a ƙarƙashi, tsaunin ya rushe a kan gilashi. A bar rata tsakanin duwatsu da bango yadda hannu zai wuce, a bar ramuka da lunguna inda kifi za su shige. Kifin kuma ba a juye su kai tsaye. A ɗaura ƙulli a siririn tiyo yadda ruwan sabon akwati zai riƙa ɗiga cikin bokitinsu, ɗis, ɗis, na kamar minti 30 zuwa 45, sannan a kamo su a saka. A kashe fitila ranar. In sun ɓuya sun ƙi fitowa, ƙyale su, baƙunta ce. Mako na farko abinci kaɗan-kaɗan, awon amoniya kullum, kuma a ajiye jarkar ruwan gishiri a shirye ko da za a buƙaci canji na gaggawa.

Bayan mako biyu ko uku za ka ga wata ƙura mai ruwan ƙasa ta rufe farin yashi da sababbin duwatsu, akwatin ya yi muni fiye da tsohon. Kada hankalinka ya tashi, kada kuma ka ruga neman magani. Wata irin ƙaramar gansakuka ce da ke zuwa wa kusan kowane sabon akwati, in abincinta ya ƙare takan ja da baya da kanta.

Jarabar da ta fi wannan ita ce ta ido. Kifi biyu a lita 300, sai ka ga kamar gidan da babu kowa. Mai shago kuma ba zai hana ka saye ba. Nan ne ake asarar da ta fi ciwo. Bari a yi wata ɗaya komai na tafiya daidai, sannan a ƙara kifi ɗaya, a ba ƙwayoyin nan mako biyu ko uku su yawaita, sannan wani. Kuma sabon kifi ba ya shiga babban akwati kai tsaye. Kun ga tsohon akwatin nan da ƙanena ke shirin sayarwa? Na ce masa kada ya kuskura. Shi ne masaukin baƙi. Duk sabon kifi ya yi wata guda a ciki ana kallonsa. Akwai wata cuta ta fararen ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa wa kifi gishiri, in ta shiga babban akwati sai an kwashe kifin duka an yi musu magani a waje, a bar akwatin babu kifi sama da wata biyu kafin ƙwayar ta mutu. Makiyayi ma ai ba ya sayo saniya daga kara ya tura ta cikin garke a ranar.

Wane kifi za a ƙara? Yara za su ce Dory, shuɗiyar nan ta wani fim na 2016. A shago za ka gan ta ƙarama kamar murfin kwalba, amma tana kaiwa kusan santimita 30, kuma kifi ce mai son gudu; lita 300 ta yi mata kaɗan. Tambayi girman da kifi zai kai in ya manyanta, da abin da yake ci, da ko yana zama lafiya da na gidan. Su kansu kifin Nemo, babbar cikinsu mace ce, ƙaramin namiji, in macen ta mutu namijin ne zai rikiɗe ya zama mace, ikon Allah. In ta kama wuri takan yi faɗa har ta ciji hannun mai ita, don haka ba a ƙara musu na uku. In da hali kuma a nemi wanda aka ƙyanƙyashe a gona, ya fi juriya, ya kuma saba da abincin gwangwani. Wanda aka kamo daga teku, a wasu yankunan Filifin da Indunisiya an daɗe ana kokawa da masu fesa gubar sayanaid don su sumar da kifi su kama. Kifin ya iso da kyansa, bayan 'yan makonni ya mutu, murjanin da aka fesa wa shi ma ya mutu. Ga 'yan'uwanmu na bakin teku kuma, wanda ya gaji da kifinsa ya mayar shago ko ya ba wani, kada ya sake shi a ruwa. Kifin nan mai ƙayoyin dafi da ake yi wa laƙabi da zaki, asalinsa tekun Indiya da Fasifik ne, an fara ganinsa a gaɓar Fulorida ta Amurka a 1985, ana kyautata zaton masu akwati ne suka sake shi. Yau ya mamaye tekun Karibiyan yana cinye ƙananan kifayen wurin.

Na bar babbar tambaya sai yanzu, ita ce wadda na ce wa ƙanena ya amsa kafin ya biya kuɗin akwatin: in an ɗauke wuta fa? Ruwan gishiri yana riƙe iskar shaƙa ƙasa da ruwan daɗi da kusan kashi 20 cikin 100, kuma duk yadda ruwa ya ƙara ɗumi, iskar cikinsa raguwa take yi. Kifin nan suna son zafin ruwa tsakanin digiri 24 da 27. Mu kuwa a bazara zafin gari yakan haura 40. Ƙaramar fanka da ke hura saman ruwa tana rage zafi, dabarar randa ce dai, ruwa ya tashi ya tafi da zafi, sai dai ciko zai ƙaru. Robar ruwa mai ƙanƙara, a rufe gam, a jefa ta tana yawo a sama, ita ma tana taimakawa a ranar tsanani. Fitila za ta iya mutuwa kwana biyu babu abin da zai faru, amma famfon da ke motsa saman ruwa ba a so ya tsaya na awoyi. Wanda ke da sola ko inbata, famfon nan ya fara ɗorawa a kai. Wanda ba shi da su, ya mallaki ƙaramin famfon iska mai batir, da batura a ajiye. Soket kuma ya zauna sama da ƙasa, a bar kowace waya ta yi lanƙwasa ƙasa kafin ta hau zuwa gare shi, don ɗigon da ya biyo waya ya faɗi ƙasa. Ruwan gishiri yana ɗaukar wuta fiye da na daɗi.

Tun kafin a san famfon lantarki an yi wannan fama. A 1846 wata mata a Ingila, Anna Thynne, ta ɗauko murjani masu rai daga gaɓar teku ta kai gidanta a Landan. Ana yi mata jigilar ruwan teku, kuma kullum mai aikinta takan tsaya bakin taga tana juya ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan don iska ta shiga. Da haka ta riƙe su shekaru, tun kafin gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kifinsa ga jama'a a 1853.

Ni ma na yi aikin mai aikin nan. Wani dare ne na watan Afrilu, wuta ta tafi tun la'asar, janareto ya ƙi tashi, baturan da nake taƙama da su ashe yara sun cire sun sa a tocila. Wajen ƙarfe ɗaya na haska akwati da waya, na ga kifin biyu sun hau sama, baki na buɗewa yana rufewa da sauri. Na ɗauko jug, in ɗebo ruwa in ɗaga sama in kwararo, in sake ɗebowa. Minti biyar ina yi, in zauna in huta minti goma, zufa na bin bayana. Can wajen ƙarfe uku uwargida ta fito da zani a kafaɗa, ta tsaya tana kallona, ta ce, "Malam, ko jinyar yaranka ba ka yi haka ba." Sai ta miƙo hannu ta karɓi jug ɗin. Ana kiran assalatu fanka ta motsa, famfo ya yi tari ya kama, kifin suka sauka ƙasa suka koma bayan dutsensu.

Ƙanena dai ya ɗage Asabar ɗinsa. Jiya na bi ta gidan, na tarar da akwatin a tsakar gida cike da ruwan famfo, jarida a ƙarƙashi, shi kuma yana tsugune yana taɓa ta da yatsa.